Darasi na 12: Dogon Hutu a Ƙauyen Bakin Teku

A wannan darasi za mu bi wata mata, tela ce a Kano, ita da 'ya'yanta biyu, zuwa gidan baffanta a wani ƙauye da ke gaɓar tekun Ghana, tsakanin garin Keta da garin Anloga. Matar da danginta misali ne kawai, shi ya sa ba a ba su suna ba. Hanya da garuruwa da sana'o'i da shekarun da za ku ji kuwa duk na gaske ne. A karanta kashi-kashi. In an kai ƙarshen kashi a dakata, wanda ya taɓa zuwa bakin teku a cikin aji ya faɗi abin da ya gani.

Yadda dangi suka yi nisa haka

Don Bahaushe ya ce yana da 'yan'uwa a Ghana, ba abin mamaki ba ne. Tun kafin Bature ya zo fatake ke tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna, su kai kanwa da fatu da rinannun tufafi ƙasar Gwanja, su komo da goro. Salaga ita ce babbar kasuwar wannan fatauci. Da rikicin sarauta ya tarwatsa ta a 1892, 'yan kasuwa suka bazu, suka cika zanguna a wasu garuruwa, har zuwa bakin teku.

Keta kuwa tata hanyar daban ce. A 1863 wani hafsan Ingila mai suna Glover ya haɗa rundunar Hausawa a Legas. Bayan shekara goma aka kwashe su zuwa yaƙi a ƙasar da a wancan lokaci ake kira Gwalkwas, wato Ghana ta yau, kuma a 1874 Turawan Ingila suka girke 'yan sandan Hausawa a Keta. Duk inda Bahaushe ya sauka yana karɓar albashi, ba a daɗewa mai goro da mahauci da malami za su biyo shi. Haka zangon Keta ya samu.

Abin da ya raba gidaje da yawa shi ne shekarar 1969. A watan Nuwamba na shekarar, gwamnatin Ghana ta Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasar. Dubun dubatar mutane suka fita, har da waɗanda a can aka yanke musu cibiya. Mahaifin matar nan yana cikin waɗanda suka hau mota sai Kano. Ƙanensa, wato baffan da za ta ziyarta, yana yaro a lokacin, ya zauna wurin dangin uwa. A 1983 Najeriya ma ta yi irin wannan kora, kuma yawancin waɗanda abin ya shafa 'yan Ghana ne. Jakar nan mai ratsi-ratsi da muke zuba kayan tafiya, daga wannan korar ta samo sunanta. A cikin irinta matar ta ɗaure tsarabar baffanta.

Hanya

Ta tashi a farkon Agusta, makarantu sun yi dogon hutu. Manomi ba ya iya wannan tafiya a irin wannan lokaci, don damina ta yi tsakiya. Hutun yara ne ya zaɓa mata watan, kuma ba ta sani ba, ya zaɓa mata watan da aiki ya fi yawa a gidan da za ta sauka.

Kano zuwa Legas ya kusa kilomita 1,000. Daga Legas hanya ta bi gefen teku ta yi yamma: Badagiri, iyakar Seme, Kwatano, Lome, sai Aflao da ke manne da Lome, nan ce ƙofar Ghana. Wannan kashi bai kai kilomita 300 ba, amma iyaka uku ce a cikinsa, kuma iyaka ita ke cinye wa matafiyi yini. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. A lura, biza kaɗai aka ɗauke. Fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS dole ne, kowane yaro da tasa, haka ma katin nan mai ruwan ɗorawa na rigakafin zazzaɓin shawara. Kuɗi iri uku za ka taɓa: naira, sefa a Benin da Togo, sidi a Ghana. Da an shiga Togo a mayar da agogo baya da awa ɗaya.

Batun tsaraba, kada ka kai wa mutum abin da yake da shi. Rairayin bakin teku ba ya yin gero. Masara da rogo su ne abincin wurin. Sai ta auni gero, ta haɗa da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa da yajin da ta daka da hannunta. Tsoho da ya shekara sittin yana marmarin miyar kuka irin ta gida, wannan ya fi masa shadda.

Daga Aflao aka bi ta Denu. Daga nan titi ya hau wani siririn tudun rairayi: teku a hannun hagu, a hannun dama tafkin Keta, wanda ya fi kowane tafkin bakin teku girma a Ghana. Akwai wuraren da in ka tsaya a kan titi, kana ganin ruwan nan biyu ba sai ka motsa ƙafa ba. A kan wannan tudu Keta take, da Anloga, da ƙauyukan da ke tsakaninsu. Mutanen wurin Anlo ne, wani reshe na ƙabilar Ewe.

Sauka

“Maraba, maraba da mutanen Kano! Sannunku da hanya.”

“Yawwa Baffa. Mun same ku lafiya?”

“Lafiya lau, 'yata. Yaya na gida? Yaya ruwa a can?”

“Ruwa ya yi gyara, Baffa. Duk suna gaishe ka.”

Kafin a yi nisa da gaisuwa aka kawo ruwan sha. Al'adar Ewe ce ba a tambayar baƙo abin da ke tafe da shi sai ya sha ruwa, kuma Hausawan wurin sun saba da ita, don ba ta yi nisa da tamu ba. Maƙwabta suka yi ta shigowa suna cewa “woezo”, wato sannu da zuwa, Baffa ya koya wa yaran su amsa da “yoo”, in an ba su abu su ce “akpe”. In ka iske mutane a zaune za ka ba su hannu, ka fara daga na dama ka bi su har na hagu. Waɗannan 'yan abubuwa ba su da wuyar koyo, kuma da su ake gane baƙon da ya san mutunci.

Wani jikan Baffa ya leƙo ya ce, “Inna ya dawo daga kasuwa.” Yaran Kano suka tuntsire da dariya, uwar ta galla musu harara. Hausar zangunan Ghana ba ta cika raba mace da namiji ba, kuma ta aro kalmomi daga harsunan da take zaune da su. Yaron nan da aka yi wa dariya yana jin Hausa da Ewe da Turanci, mai yiwuwa har da Faransancin Lome. Wanda yake da harshe ɗaya da rabi, ba shi ya kamata ya yi dariyar ba.

Sanyin Agusta

Daren farko yaran suka nemi bargo. Sun zaci bakin teku zafi ne kullum. Agusta shi ne watan da ya fi sanyi a wannan gaɓa, kuma lokacin da marka ta kankama a Kano, a Keta ruwa ya ɗauke. Damina biyu gare su: babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Ko an haɗa su biyun, ruwan da ke sauka a shekara bai cika wuce milimita 900 ba, wato kusan ɗaya da na Kano, alhali dazuzzukan yammacin Ghana suna samun ninkin haka.

Sanyin daga teku yake fitowa. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan saman teku mai ɗumi yakan matsa ya yi nisa da gaɓa, ruwan ƙasan teku mai sanyi ya taso ya maye gurbinsa. Zafin ruwan da a watan Afrilu kan kai digiri 28 ko 29, sai ya sauko ƙasa da 25. Ruwan da ya taso yana ɗauke da takin da ya kwanta a ƙasan teku daga ruɓaɓɓun halittu. Da rana ta haska shi, sai wasu 'yan tsirrai da ido ba ya gani su yaɗu, ƙananan ƙwarin ruwa su ci su, kifi ya biyo ƙwarin har kusa da gaɓa. Iri biyu suka fi yawa. Akwai wanda a kasuwannin Najeriya ake kira shawa, akwai kuma wani ɗan mitsitsi da bai wuce tsawon yatsa ba, Ewe suna ce masa abobi.

Wata ukun nan su ne kakar masunta. Yadda manomi ke cika rumbu a kaka ya ci har wata damina, haka gidan masunci yake biyan bashi da kuɗin makaranta da gyaran rufi daga abin da ya samu a wannan lokaci. Baƙon da ya zo a Agusta zai ci kifi har ya gundure shi, amma ya sani ya iske masu gida ba su da lokacin zama hira.

Jan taru

Da asuba, bayan an idar da salla, Baffa ya taɓa ƙafar ɗaya daga cikin yaran Kano.

“Kai abokina, tashi. Ka zaci kifin banza ka zo ci?”

“Kaka, ai gari bai waye ba.”

“Kifi ba ya jiran gari ya waye. Sa rigarka.”

Mutanen Anlo sun yi suna da su da taru daga bakin gaɓa. Wanda ya fito daga Yawuri ko Argungu ko Tafkin Chadi ya san taru, sai dai na teku ya fi girma nesa ba kusa ba. Ga yadda ake yi. Ana ɗora tarun a cikin babban kwale-kwale da aka sassaƙa daga gungumen itace ɗaya, aka ƙara masa katako a gefe. Kafin a tashi sai a bar bakin igiya ɗaya a tudu, a ɗaure ta jikin kwakwa. Matuƙa su jira igiyar ruwa ta lafa, su tura jirgin da gudu su ƙetare wurin da ruwa ke fashewa. Nan ne wuri mafi haɗari a aikin duka. In sun yi nisa sai su riƙa sakin tarun suna zagaye, har su komo gaɓa da ɗaya bakin igiyar, can nesa da inda suka tashi. Saman tarun da abin da ke sa shi ya taso, ƙasansa da darma da ke sa shi ya nutse, tsakiyarsa kuma wata doguwar jaka ce inda kifi zai taru.

Daga nan sai ja. Mutane su kasu biyu, kowane kashi da igiyarsa, su jingina da baya suna takawa kaɗan-kaɗan. Wanda ya kai ƙarshen layi ya saki, ya komo gaba ya sake kamawa. Ɗaya yana ba da waƙa, saura suna amsawa, kuma da amshin ake ja, don in ba a ja tare ba ƙarfin kowa ya tafi a banza. Wasu samari suna can cikin ruwa suna iyo, suna gyara tarun kada ya harɗe. Layukan biyu suna matsowa kusa da juna a hankali. Aikin yakan ci awa uku, wani lokaci har rana ta take. Mutum talatin ba su yi yawa ba, in tarun babba ne ya fi haka.

Ba a hana kowa kama igiya. Yaro, tsoho, mai wucewa, baƙo, duk wanda ya ja, in taru ya fito za a damƙa masa ɗan kifin miya. Yaron Kano ya ja har tafin hannunsa ya yi ja wur, aka zuba masa abobi cikin wata 'yar roba. Ya kawo wa uwarsa yana tafiya kamar wanda ya ci kasuwa.

Lokacin da jakar ta iso tudu kowa yake yin shiru, don a nan ake sanin ko an ci riba. Mata suna tsaye da manyan daro. Ba a auna kifi da sikeli, da daro ake ciniki. Mai taru yana da kasonsa, ma'aikata suna da nasu, kuma kowane rukuni da yadda suka shirya rabonsu. A 'yan shekarun nan akwai aikin da ya ƙaru kafin rabo: tsince leda da robar ruwa daga cikin kifin. Wata rana ledar takan fi kifin yawa.

Kowace gaɓa tana da shugaban masunta, mai matsayi irin na sarkin ruwa. Shi ke raba gardama, shi ke tsare dokokin wurin. Cikin dokokin akwai ranar da ba a shiga teku. A yawancin gaɓar Ghana Talata ce, a wasu ƙauyuka kuma wata rana daban. Ranar ake ɗinkin taru, a yi zaman sulhu, a huta. Baƙo ya tambaya ya sani, kada ya tashi da asuba ya iske gaɓa wayam.

Banda

Da kifi ya hau tudu, ya bar hannun maza. Mata ne ke saye, su gyara, su kai kasuwa, kuma sau da yawa su ne ke ba masu jirgi kuɗin mai da na gyaran taru, da sharaɗin in an kamo a fara sayar musu. Wanda ya kalli gaɓa zai zaci sana'ar maza ce. Jarin kuwa yana ɗaure a bakin zanen mata.

Kifi ba ya kwana ɗanye. Abobi akan shanya shi a rana, ko a yi masa banda. Shawa kuwa wuta ce maganinsa. Murhun da aka fi amfani da shi ana kiransa Chorkor, sunan wata unguwar masunta a Akra inda aka fara shi a 1969, da haɗin gwiwar matan unguwar da cibiyar binciken abinci ta Ghana da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ginin laka ne mai kusurwa huɗu, da ƙofar wuta a ƙasa. A kansa ake ɗora faifan katako masu ragar waya, ɗaya bisa ɗaya, har goma ko fiye. Hayaƙi ya ratsa su duka, ana sauya na ƙasa zuwa sama. Ya fi tsohon murhu ɗaukar kifi, ya fi shi tsimin itace. Itacen ma saye ake yi: ɓawon kwakwa, da wani itace mai tsirowa cikin ruwan gishiri da ake kawowa daga kasuwar Anyanui, kusa da inda kogin Volta ya faɗa teku.

Matar Baffa tana da murhu biyu a bayan gida. Matar Kano ta lura tun zuwansu ba ta ga ta kwanta kafin tsakar dare ba, idanunta sun yi ja don hayaƙi, ga shi kuma sau uku a yini tana ɗora wa baƙi tukunya.

“Inna, kawo in taya ki jerawa.”

“A'a, ke baƙuwa ce. Hayaƙin nan zai dame ki.”

“Baƙunta ai kwana uku ce, Inna, ta ƙare. In ba ki bar ni da kifi ba, ki bar ni da girki.”

Aka bar mata girki. Ta koyi tuƙa akple, tuwon masarar wurin, da miyar barkono da abobi. Ita kuma ta kaɗa musu miyar kuka. Ta ari keken ɗinki a maƙwabta ta ɗinke rigunan makarantar jikokin gidan. Mai masauki ba zai taɓa buɗe baki ya ce ka yi masa nauyi ba. Kunya ba za ta bar shi ba. Baƙo ne zai duba da idonsa ya ga inda hannu ya yi ƙaranci.

Baffa shi ba masunci ba ne, albasa yake saye yana kaiwa Akra. A bakin tafki, wajen Anloga, akwai fangali-fangali na wata ƙaramar albasa mai ƙarfin ƙamshi, da ake nomawa a kan rairayi tsantsa da kashin shanu da na kaji, ana ban ruwa daga rijiyoyi marasa zurfi. Wata biyu ta nuna, kuma akan yi ta sau uku a shekara. Mai noman rani a Kura ko Aliero in ya je can, zai sami abin kallo.

Ruwan da ba a wasa da shi

Yaran arewa sun saba da kududdufi da rafi, inda ruwa ke tsaye ko yake tafiya gefe guda. Gaɓar Keta tana da gangara, taku kaɗan ka shiga zurfi, kuma igiyar da ta buge ka ta gaba ita za ta ja ƙafarka in tana komawa. Akwai kuma wuraren da ruwan da igiya ta watso yake taruwa ya koma teku da gudu ta wata siririyar hanya. Wurin yakan yi kamar ya fi ko'ina kwanciya, shi ya sa yake ruɗin baƙo. Wanda ya faɗa ciki, in ya ce zai yi iyo ya komo tudu kai tsaye, ƙarfinsa zai ƙare kafin ya iso. Abin yi shi ne ya saki jiki ya tsaya a saman ruwa, ya ɗaga hannu ya yi kira. In ya iya iyo ya yi gefe, ya bi tsawon gaɓa har ya fita daga jan ruwan. Na tudu kada ya faɗa ceto in ba gwani ba ne. Ya jefa jarka ko igiya, ya kira masunta. Don ka ga yaran ƙauyen suna tsalle cikin igiya, kada ka bar naka su bi su. Su a ciki suka tashi.

Ta fuskar addini babu damuwa. Ruwan teku ba ya shayuwa, amma mai tsarki ne, ana alwala da wanka da shi. Kifi ba ya bukatar yanka, kuma a mazhabar Malikiyya dabbobin ruwa halal ne, har da ƙaguwa da jatan lande. Wanda ransa bai karɓa ba ya bari, amma kada ya yatsine fuska a gaban wanda ya dafa. Gidan sauro kuwa kada a manta da shi, don tafki yana kusa.

Kifi yana ja baya, teku yana matsowa

Tsofaffin masunta duk bakinsu ɗaya: kifin yanzu bai kai na da ba. Lissafi ya gaskata su. A shekarun 1990 shawar da ake kamawa a Ghana a shekara takan wuce tan 100,000. A 2016 ba ta kai tan 30,000 ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da kusan kashi 60 cikin 100 na abin da mutane ke samu daga nama da dangoginsa, daga kifi yake fitowa. Laifin ba na mutum ɗaya ba ne. Kwale-kwale sun yi yawa, sun haura 12,000. Manyan jiragen kamun kifi sun riƙa shigowa suna kwashe ƙananan kifin da ba a ba su izinin kamawa ba, suna sayarwa a tsakiyar teku, cinikin da ake kira saiko. Wasu masunta suna kunna fitila da dare don tara kifi, alhali doka ta hana. Tarun bakin gaɓa shi ma ba a wanke shi ba: idanunsa ƙanana ne, yana kwaso 'ya'yan kifin da ba su kai ga yin ƙwai ba.

Don a ba kifi sarari ya hayayyafa, gwamnati ta fara rufe teku ga masu kwale-kwale na wata guda a 2019. Daga 2021 zuwa 2024 watan Yuli ne ake rufewa, a 2025 kuma aka cire masu kwale-kwale daga dokar. Mai shirin ziyara ya buga waya ya tambaya. In ka sauka cikin watan rufewa, ka iske gida babu kuɗin shiga, sai ka ƙara guzuri.

Wata Talata Baffa ya kai su Keta ganin tsohuwar ganuwar Prinzenstein. Turawan Denmak suka gina ta a 1784, aka tsare bayi a ciki kafin a ɗora su a jirgi, sannan a 1850 suka sayar wa Ingila. A 1980 teku ya cinye babban ɓangarenta. Baffa ya nuna can cikin ruwa.

“Kin ga inda igiyar can ke fashewa? Da can gari ne. Akwai tituna, akwai kantuna. Na taka wurin da ƙafata.”

Dalilin yana da alaƙa da kogin Volta. Shi ke kawo rairayi daga tudu, ruwan teku ya tura shi gabas ya jibge a gaɓar Keta, ya mayar da wanda igiya ta kwashe. Da aka gama madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, rairayin ya riƙa kwantawa a bayan madatsar. Igiya ba ta daina ɗiba ba, mai mayarwa ne ya ragu. A wasu wurare teku ya riƙa cin mita 4 zuwa 8 a shekara. Masu ɗibar yashin gini daga gaɓa sun ƙara wa abin, haka ma hauhawar ruwan teku. An kashe sama da dala miliyan 80 wajen jibge duwatsu don kare Keta, aka gama a 2004, garin ya sami sauƙi. Sai dai duwatsun suna tare rairayin da zai wuce gaba, ƙauyukan da ke gabas da su suka shiga uku. A Nuwamba 2021 ambaliyar teku ta raba dubban mutane da gidajensu a wannan yanki. Ƙauyen Fuveme, kusa da bakin kogin, mutanensa sun riga sun tashi. Wutar lantarkin da Akosombo ke bayarwa ta amfani ƙasar duka har da maƙwabta, amma mutanen wannan tudu su suka biya da filayensu.

Komawa

Ta yi mako biyu ta ce za ta koma. Inna ta zaɓo mata shawar da ta sha wuta sosai, don wadda ba ta bushe ba ba za ta kai Kano ba. Aka jera a kwali, aka ce da ta isa ta baza ta sha iska, in ta ji danshi ta sake nuna mata wuta. Baffa ya ƙara da damin albasa. Ita kuma ta kira Inna ɗaki, ba a gaban kowa ba, ta damƙa mata sauran sidin da ke hannunta ta ce a sayi itace.

Tambayoyi da aiki

1. Waɗanne hanyoyi biyu ne suka kai Hausawa gaɓar tekun Ghana? Me ya faru a 1969?

2. Bayyana da kalmominka abin da ke sa kifi ya yawaita daga Yuli zuwa Satumba.

3. In ƙarfe 2 na rana ta yi a Kano, ƙarfe nawa ne a Keta?

4. Wani gida yana da nisan mita 60 daga bakin ruwa. In teku yana cin mita 4 a shekara, shekara nawa kafin ya iso gidan? In mita 8 yake ci fa?

5. Me ya kamata wanda ke tudu ya yi in ya ga ruwa yana jan wani?

6. A tattauna a aji: wasu masunta suna cewa bai kamata a hana su shiga teku wata guda ba, alhali manyan jirage ne suka fi ɓarna. Wasu suna cewa in ba a huta ba kowa zai rasa. Wane ɓangare ka fi yarda da shi? Akwai irin wannan gardama a kan kogi ko daji ko makiyaya a yankinku?

7. Rubuta wasiƙa ta layi goma zuwa ga wani ɗan'uwanka da ke nesa. Ka gaishe shi, ka faɗa masa watan da kake son zuwa da yawan mutanen da za ku zo, ka tambaye shi aikin da suke yi a wannan watan da abin da yake so ka kawo masa.